An bar jaki ana dukan taiki

Shekarun baya na yi aiki a wani kamfani da ke ware mako guda a kowace shekara, ana kiransa makon lafiya. Akan kawo nas biyu da likita ɗaya, a jera tebura a ɗakin taro, kowa ya bi layi a auna masa jini da suga da nauyi. A shekarar da nake tunawa, wanda ke gabana a layi wani dattijo ne daga sashen kuɗi, dukanmu Baba muke ce masa. Nas ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta kwance, ta ce ya ɗan huta. Bayan minti biyar ta sake ɗaurawa. Sai ta rage murya.

"Baba, jininka ya hau sosai. Kana shan magani?"

"Ina sha, 'yata, in na tuna."

"Awa nawa kake barci?"

Ya yi shiru yana lissafi a ransa. "Huɗu. Ran da Allah ya taimaka, biyar."

Ta rubuta masa a takarda cewa ya rage gishiri, ya riƙa tattaki na rabin awa kullum, ya samu barcin awa bakwai, ya guji damuwa, kuma ya je asibiti a cikin makon. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya yi mata godiya. A daren nan ƙarfe goma saura na bar ofis, fitilar sashensa tana kunne. Ƙarshen wata ne, kuma tun da abokan aikinsa biyu suka bar kamfanin ba a ɗauki kowa a gurbinsu ba. Duk abin da nas ɗin ta rubuta daidai ne. Amma in ka cire gishirin, babu ɗaya a ciki da yake hannun Baba.

Abin da ya dawo mini da wannan rana shi ne yadda gwamnatoci suka shiga maganar lafiyar ma'aikatan kamfanoni gadan-gadan. Ana ƙirƙiro shirye-shirye, ana raba takardun shaida, ana yi wa kamfanoni rangwamen haraji, duk a kan hujjar cewa lafiyayyen ma'aikaci ya fi fitar da aiki. Ina goyon bayan gwamnati ta sa hannu, kuma zan faɗi dalili. Damuwata ita ce yawancin waɗannan shirye-shirye suna tsayawa a kan jikin ma'aikaci, ƙugunsa da tafiyarsa da abin da ke ransa, su tsallake aikin da ke kwantar da shi. In aikin ne ke jawo ciwon, to aikin ya kamata a fara yi wa magani.

Ƙasar da ta fi kowa nisa a wannan hanya ita ce Japan, kuma dole ce ta sa ta. Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun wuce, matasan da ke shiga aiki suna raguwa, kuɗin magani kuma sai hawa yake yi. Ƙasar da ba ta da ma'aikata na ƙari ba za ta iya zuba ido waɗanda take da su suna faɗuwa ba. A 2015 ma'aikatar tattalin arziki, kasuwanci da masana'antu ta haɗa kai da kasuwar hannayen jari ta Tokiyo, suka fara zaɓen kamfanonin da suka yi fice wajen kula da lafiyar ma'aikatansu, suna nuna su ga masu zuba jari. Kamfanoni 22 aka zaɓa a karon farko. Suna kiran tsarin kenko keiei, wato tafiyar da kamfani da lafiyar ma'aikata a rai. A 2017 aka faɗaɗa shi zuwa takardar shaida da kowane kamfani zai iya nema, aka ware rukunin White 500 ga manyan da suka fi ƙoƙari, daga baya aka yi Bright 500 ga ƙanana da matsakaita. Yau ƙananan kamfanonin da ke riƙe da takardar sun haura dubu goma. Wasu bankuna suna sassauta musu kuɗin ruwa a kan bashi, wasu hukumomin yankuna suna ƙara musu maki wajen neman kwangila.

A lura, ma'aikatar kasuwanci ce ta jagoranci abin. A ganina nan ne hikimar take. Muddin maganar lafiya tana hannun nas da ƙaramin jami'in kula da ma'aikata, ba ta da ƙarfin da za ta canza komai, domin waɗannan ba su ke yanke yawan mutanen da za a ɗauka ko ranar da za a miƙa aiki ba. Tsarin na Japan yana tambayar ko shugabannin kamfani sun rubuta manufa sun bayyana ta, ko akwai babban jami'in da abin ke wuyansa. Ya ɗauki maganar ya kai ta teburin da ake raba kuɗi. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk ƙasar da ke son kwaikwayo ta fara kwaikwayon wannan ɓangaren.

To amma a watan Disamba na wannan shekarar ta 2015, wata matashiya 'yar shekara 24 da ke aiki a Dentsu, babban kamfanin tallace-tallace na ƙasar, ta kashe kanta. Masu binciken ƙwadago sun tabbatar daga baya cewa ta yi aikin ƙarin lokaci na fiye da awa 100 a wata guda, suka yanke cewa aikin ne sanadi. Japanawa suna da kalma ta musamman ga wannan, karoshi, mutuwa saboda yawan aiki. Ba shi ne karon farko a kamfanin ba, domin a 1991 wani matashin ma'aikacinsu ya mutu ta irin wannan hanya, har Kotun Ƙoli ta ɗora wa kamfanin alhaki a 2000. Wannan karon shugaban kamfanin ya sauka, kotu kuma ta ci kamfanin tarar yen 500,000 a watan Oktoba na 2017, kuɗin da bai kai dala dubu biyar ba. Ran yarinya guda ke nan a ma'aunin dokar lokacin.

Fushin jama'a kan wannan mutuwa ya taimaka wajen tura majalisa ta yi abin da lambar yabo ba ta iya yi. A 2018 aka kafa doka da ta sa wa ƙarin lokaci iyaka mai hukunci: awa 45 a wata, awa 360 a shekara. Ta fara aiki a kan manyan kamfanoni a Afrilun 2019, ƙanana kuma a 2020, ta kuma tilasta wa kamfani ya tabbatar ma'aikaci ya ɗauki aƙalla kwana biyar na hutunsa na shekara. Dokar tana da ɓaraka. A lokacin matsin aiki an yarda a kai har ƙasa da awa 100 a wata, wanda shi ne daidai layin da gwamnatin da kanta take amfani da shi wajen cewa aiki ya kashe mutum. Direbobi da magina da likitoci kuma sai a Afrilun 2024 aka shigar da su. Duk da haka ta taɓa jakin da kansa. A gwada ta da wani shirin da aka ƙaddamar a Fabrairun 2017, inda aka roƙi kamfanoni su sallami ma'aikata da ƙarfe uku na Juma'ar ƙarshen kowane wata. Roƙo ne kawai, kuma ƙarshen wata shi ne lokacin da aiki ya fi yawa a ofisoshi da dama, kamar yadda Baba zai shaida. Kaɗan ne suka bi.

Wani zai ce to ai awon jini da azuzuwan motsa jiki ba su cutar da kowa, kuma suna da amfaninsu. Na yarda ba su cutarwa, kuma mutumin da aka gano masa hawan jini da wuri ya ci riba. Tambayar ita ce ko suna yin abin da ake cewa suna yi, tun da a kansu ake gina manufar ƙasa, ake kashe kuɗin jama'a. An gwada, kuma amsar ba ta yi daɗi ba.

A Amurka an daɗe ana yawo da wani lissafi da ya fito a 2010 daga masana uku na jami'ar Habad, cewa kowace dala ɗaya da kamfani ya kashe a irin waɗannan shirye-shirye tana rage masa kuɗin magani da dala 3.27. Masu sayar da shirye-shiryen sun riƙe wannan adadi kamar laya. Matsalar ita ce yawancin binciken da aka tattara wajen fitar da shi sun gwada waɗanda suka shiga shirin da waɗanda ba su shiga ba, alhali mai shiga da son ransa tun asali shi ne mai kula da jikinsa. Sai biyu daga cikin masanan nan, Katherine Baicker da Zirui Song, suka koma suka yi gwajin da ya fi tsauri a kamfanin BJ's Wholesale Club. Cikin rassa 160 aka zaɓi 20 ta hanyar ƙuri'a aka ba su shirin, aka bar sauran, ma'aikata kusan 33,000 gaba ɗaya. Bayan wata 18, a sakamakon da suka wallafa a 2019, waɗanda aka bai wa shirin sun fi cewa suna motsa jiki kuma suna lura da nauyinsu. Amma da aka auna jininsu da sugansu, aka duba kuɗin magani da fashin zuwa aiki da ƙwazo, ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba. Ina girmama waɗannan masana, domin ba kowa ke iya rushe adadin da ya yi suna da shi ba.

A jami'ar Ilinoi ma an yi irin wannan gwaji da ma'aikata kusan 5,000, aka samu kusan amsa guda, tare da ƙarin bayani mai muhimmanci: waɗanda suka amsa gayyatar shirin tun kafin a fara sun fi sauran lafiya, sun fi su ƙarancin kuɗin asibiti. Wato shirin yana jawo masu lafiya ne, ya bar waɗanda aka yi shi dominsu. A Birtaniya kuma, wani mai bincike a jami'ar Oksfod, William Fleming, ya duba amsoshin ma'aikata fiye da 46,000 a wuraren aiki 233, ya wallafa a 2024. Azuzuwan koyon juriya, manhajojin kwantar da hankali, horon sarrafa damuwa, duk bai ga waɗanda suka shiga sun fi waɗanda ba su shiga ba samun sauƙi.

Ban yi mamaki ba. Wanda aka ɗora wa aikin mutum uku, in ka koya masa jan numfashi, zai ja numfashin ya koma kan aikin mutum uku.

Abin da ke kwantar da ma'aikaci kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasi cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 sun mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar jikinsa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Baya ga dogon lokacin aiki, akwai rashin iko. Binciken Whitehall, wanda aka fara a 1967 kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan, ya gano cewa na ƙasan tsani, masinjoji da masu tsaron ƙofa, suna mutuwa kusan ninki uku na manyan jami'ai, kuma shan taba da makamantansa ba su bayyana sai wani ɓangare na tazarar. Zagaye na biyu, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, ya nuna cewa mutumin da ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi aikinsa da lokacin da zai yi shi ya fi kamuwa da ciwon zuciya. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin shugaban da ke canza umarni sau uku a yini, ya kira shi a waya tsakar dare, ya san wannan a jikinsa kafin masana su rubuta.

Ko ta fuskar riba aka duba, dogon lokaci ba ya biya. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti a 1915 domin duba lafiyar masu ƙera harsasai, yawancinsu mata, waɗanda ake sa su aiki ba dare ba rana. Ƙasa tana yaƙi, tana son harsashi ko ta halin ƙaƙa, amma kwamitin ya ba da shawarar a rage awoyi a maido da hutun Lahadi. Kusan shekara ɗari bayan nan, John Pencavel na jami'ar Stanford ya sake nazarin alƙaluman. Ya ga cewa har zuwa wajen awa 49 a mako, aiki yana ƙaruwa daidai da lokaci. Daga nan sai ya fara ja da baya, har ta kai abin da ake fitarwa a awa 70 bai fi na awa 56 da wani abin kirki ba. Awa 14 ke nan a kowane mako da aka ƙwace wa mace daga barcinta da 'ya'yanta, ba tare da an samu ƙarin harsashi ba.

Ina jin muryar mai kamfani, musamman ƙarami, kuma ba zan raina ta ba. Zai ce: ni mutum goma sha biyu nake biya, wata ya ƙare ina neman albashinsu, yanzu kuma a turo mini sufeto, a ƙayyade mini lokaci, a ce in ɗauki likita? Yana da gaskiya a wani ɓangare. Tsarin takardar shaida ya fi sauƙi ga babban kamfanin da ke da sashe guda na cike fom. Kuma taimakon da gwamnati ke tsarawa wa ƙanana sau da yawa ba ya isa gare su. Birtaniya ta buɗe wani shiri a 2015 mai suna Fit for Work, inda za a tura ma'aikacin da ya yi mako huɗu yana jinya a duba shi kyauta a tsara masa komawa aiki, amma aka rufe sashen dubawar a 2018 saboda waɗanda ake turawa ba su da yawa. Jamus ta bi ta hanyar haraji, kamfani na iya kashe har yuro 600 a shekara kan lafiyar kowane ma'aikaci ba tare da an cire haraji a kai ba. Wannan yana da kyau ga mai yuro 600 ɗin. Ƙaramin kamfani abin da yake buƙata shi ne likitan aiki guda da gwamnati za ta biya, ya riƙa zagaya kamfanoni talatin ko hamsin.

Inda ban yarda da mai kamfanin ba shi ne tsoron sufeto. A jihar Kalifoniya hukumar kare lafiyar ma'aikata takan zaɓi wasu masana'antu masu haɗari ta hanyar ƙuri'a ta kai musu ziyarar bazata. Masana uku suka gwada 409 da aka ziyarta da wasu 409 makamantansu da ba a ziyarta ba, suka wallafa a 2012. Raunuka sun ragu da kashi 9.4 cikin ɗari a wuraren da sufeto ya shiga, kuɗin da raunuka ke ci ya ragu da kashi 26, kuma ba a ga alamar cewa ciniki ko yawan ma'aikata ya ragu ba. Ban san wani makon lafiya da zai iya nuna irin wannan sakamako ba. Dokar da ta hau kan kowa ma ita ce kariyar mai kamfani na kirki, domin in shi kaɗai ke sallamar mutanensa a kan lokaci, abokin gasarsa da ke matse nasa zai karya masa farashi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa aikin gwamnati ne. Kamfani ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba ko da yana so.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma yana ci mini rai. A kamfanin da na yi aiki, a wata shekarar, an raba mana takardar tambayoyi kan damuwa: kana barci, kana jin gajiya, kana jin shugabanka yana saurarenka. Wata abokiyar aikina, wadda na san ta kwana biyu tana kuka a banɗaki, ta cike tata a gabana. Duk inda aka tambaya sai ta zaɓi "lafiya lau". Na ce mata, "Yaya, ai wannan ba gaskiya ba ne." Ta dube ni ta ce, "Ƙanena, wa zai karanta? Kwantiragina saura wata uku." Ba ta san inda takardar za ta ba, ni ma ban sani ba, kuma babu wanda ya gaya mana.

Bayanin lafiyar mutum makami ne in ya faɗa hannun wanda ke da ikon korarsa. A nan Japan ta yi abin yabo. Tun Disambar 2015 dole ne duk wurin aiki mai mutum 50 ko fiye ya yi gwajin damuwa sau ɗaya a shekara, amma sakamakon ma'aikacin ake bai wa, ba a miƙa wa kamfani sai da yardarsa, kuma an hana a cutar da shi saboda abin da ya fito. Amurka ta bi wata hanyar da ba na so. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ta ba kamfanoni damar bambanta abin da ma'aikata ke biya har zuwa kashi 30 cikin ɗari na kuɗin inshorar, gwargwadon cika sharuɗɗan shirin lafiya, har kashi 50 in maganar taba ce. Ana kiransa lada ga mai ƙoƙari. Amma ladan wani tarar wani ce, kuma wanda ke biyan tarar shi ne mai ciwon suga da ya gada, da mai aikin dare da ba shi da lokacin tattaki. Ko awon ƙugu da Japan ta shigo da shi a 2008 ga masu shekara 40 zuwa 74, santimita 85 ga maza da 90 ga mata, ina ɗari-ɗari da shi, duk da cewa ba ma'aikacin ake ci tara ba. Yana koya wa kowa cewa matsalar tana cikin rigar mutum.

Wannan ya kawo ni kan hujjar da aka gina komai a kanta, cewa a kula da ma'aikaci domin ya ƙara fitar da aiki. Na fahimci amfaninta, da ita ake shawo kan masu jari. Amma ina tsoron ranar da lissafin zai juya. Mai shekara 58 da ƙodarsa ta fara gazawa, jinyarsa ba za ta taɓa dawo wa kamfani da kuɗinta ba. In riba ce kaɗai dalili, abin da lissafi zai ce shi ne a rabu da shi a ɗauki yaro. Kamfanin da ke son alƙalumansa su yi kyau yana da hanya mai arha: ya guji ɗaukar masu ciwo, ya miƙa aiki mai haɗari ga 'yan kwangila waɗanda ba sa cikin ƙidayarsa. Masu shara da masu gadi da masu dakon kaya suna shiga ƙofa ɗaya da sauran ma'aikata, amma a makon lafiyarmu ban taɓa ganin ɗayansu a layi ba, domin a takarda ba ma'aikatan kamfanin ba ne. A duniya kuma kusan ma'aikata shida cikin goma, mutum wajen biliyan biyu, suna aiki ne ba tare da rajista ko kwantiragi ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara ta dalilin aiki, mafi yawansu da cuta, ba haɗari ba. Da wuya a ce yawancinsu suna cikin kamfanonin da ke karɓar lambar yabo.

Shi ya sa na ji daɗin matakin da ƙungiyar ta ɗauka a watan Yunin 2022, da ta sa wurin aiki mai aminci da lafiya cikin haƙƙoƙin asali na ma'aikaci, sahu ɗaya da haramcin aikin tilas da bautar da yara. Haƙƙi ba ya jiran a tabbatar yana kawo riba. Yarjejeniyar farko da ƙungiyar ta zartar a 1919 ma a kan lokaci take, awa takwas a yini, 48 a mako, a masana'antu. Fiye da shekara ɗari ke nan, har yanzu muna kan wannan gaɓar.

Ba na cewa a soke takardun shaida. A ɗaure su da abin da za a iya ƙirgawa kuma ma'aikaci ke ji a jikinsa: awoyin da aka yi da gaske bisa rajistar shiga da fita, kwanakin hutun da aka ɗauka, yawan waɗanda suka bar aiki, yawan waɗanda suka dawo bayan jinya suka zauna, kuma a haɗa da 'yan kwangila a ƙidayar. A tambayi ma'aikata a asirce ta hannun wanda kamfani ba ya biya. Kamfanin da aka kama ya karya dokar lokaci a ƙwace takardarsa a bainar jama'a, a hana shi kwangilar gwamnati na wani lokaci. Ƙasashe sun riga sun nuna cewa ana iya taɓa aikin kai tsaye. Faransa tun Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya da imel bayan tashi. Katar ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Koriya ta Kudu tun Janairun 2022 tana iya ɗaure shugaban kamfani aƙalla shekara guda in ma'aikaci ya mutu saboda sakacin tsaro. Kowace cikin dokokin nan tana da masu suka da wuraren da ake kauce mata, amma duk suna magana ne da wanda ke riƙe da jadawalin aiki. Ita kanta gwamnati kuma ta fara da gidanta, domin a ƙasashe da yawa ita ce ta fi kowa yawan ma'aikata, kuma likitocinta da nas-nas ɗinta suna cikin waɗanda suka fi kowa kwana a bakin aiki.

Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta a 1700 cewa likita ya ƙara tambaya guda a kan waɗanda ya saba yi wa majinyaci: wane aiki kake yi? Nas ɗin da ta duba Baba ta kusa kaiwa nan da ta tambaye shi barci. Ba laifinta ba ne da ta tsaya. An ba ta abin awo da takarda, ba a ba ta ikon hawa bene ta ce wa manaja sashen nan yana buƙatar mutum biyu ba. Shirin gwamnati da ya amsa sunansa shi ne wanda zai ba ta wannan iko, ya kuma wajabta wa manajan ya amsa a rubuce.

Kimanin wata biyu bayan makon lafiyar na haɗu da Baba a matakala, na tambaye shi ko ya je asibitin. Ya taɓa aljihunsa, takardar tana nan, ta yi laushi saboda ninki. Ya ce likitan da ke duba masu hawan jini ranar Talata da safe yake zama, kuma Talata ce ranar da ake haɗa rahoton mako. Sau uku yana neman izini, sau uku ana ce masa ya bari sai mako mai zuwa. Awa uku yake nema, ba tare da an yanke masa albashi ko an harare shi ba. A duk dokar da za a rubuta kan lafiyar ma'aikata, ina so a fara sa waɗannan awoyi ukun.